"Flight": jirgi ne, ko tashi, ko sawu?

1/ Jama'a, ina neman mu haɗa kai a kan kalma ɗaya. Wata ɗaliba Basiniya mai koyon Hausa, wadda nake duba wa rubutu, ta turo min jimla kamar haka: "Gudun jirgina ƙarfe tara na dare ne." Abin da ke ranta shi ne kalmar Sinanci hangban, wato tafiyar jirgin sama da aka tsayar wa rana da lokaci da lamba. Ta bi ta Turanci ta samu flight, ta buɗe ƙamus ta tarar da tashi da gudu a jere, sai ta ɗauki ɗaya. Bahaushe kuwa in ya ji "gudun jirgi", saurin jirgin ne zai faɗo masa a rai.

Ba laifinta ba ne. Manyan ƙamusoshinmu, tun daga na Bargery na 1934, galibi tsakanin Hausa da Turanci suke. Don haka ɗalibin Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing, ko mai shirin aiki a sashen Hausa na rediyon ƙasar Sin da ke watsa shiri tun 1963, sau da yawa sai ya ratsa ta Turanci kafin ya iso gare mu. A wannan kalmar kuma, Turancin ne ke cakuɗa abin da Sinanci da Hausa duk suka rarrabe.

2/ Flight ba kalma ɗaya ba ce. Biyu ne da suka yi kama har aka daina bambanta su. Ɗaya 'yar gidan fly ce, tashi sama. Ɗayar 'yar gidan flee ce, gudu don tsira. Jamusanci, ɗan uwan Turanci, har yau ya riƙe su daban: Flug tashi, Flucht gudu. Sinawa ma haka, fei ko feixing tashi, tao ko taopao gudu.

Ɓangaren gudun ba zai riƙe mu ba, sai dai a kula da wurare biyu. Masu littattafan tarihi na Turanci sukan kira hijirar Manzon Allah (SAW) daga Makka zuwa Madina a 622 da flight, haka ma fitar Shehu Usmanu daga Degel a 1804. Mai fassarar da ya dawo mana da wannan a matsayin "gudu" ya yi ɓarna. Kalmarmu hijira ce, kuma nauyinta ba ɗaya ba ne da na gudu.

Na biyu, capital flight, abin da Sinawa ke kira ziben waitao, wato jari ya gudu waje. Kada a ce "gudun jari". A Hausa in ka ce gudun duniya, ko gudun abin kunya, kai ne kake guje wa abin, ba shi ne yake gudu ba. "Ficewar jari" ta fi tsabta.

3/ Tashin kansa ma ba rigima. Tsuntsu ya tashi, jirgi ya tashi, in yana kewaye a sama bai nufi ko'ina ba mu ce yana shawagi. Sinawa qifei da jiangluo, mu tashi da sauka.

4/ Ga inda gizo ke saƙar. Mutum na tsaye a filin jirgi da takardar shiga a hannu, allo ya nuna an soke tafiyarsa. Me aka soke? Mukan ce "an soke jirgina", kowa kuma ya gane. Amma jirgin yana can a ajiye, injinsa lafiya, ƙila ma ya kwashi wasu ya yi wani gari. Abin da aka soke shi ne wannan tafiyar ta yau, mai lokacinta da lambarta. Sinawa suna da sunan kowanne: ƙarfen feiji ne, tafiyar hangban ce. Mu kuwa mun ɗora wa jirgi kaya biyu.

A hira ba komai. A labarai da sanarwa da koyarwa akwai matsala, domin lamba biyu ce. Kowane jirgi yana da lambar rajista a jikinsa, wajen wutsiya: na Najeriya 5N suke farawa, na Nijar 5U, na Sin B. Lambar da ke kan tikitinka kuwa daban ce. Haruffa biyu ne na kamfani, kamar CZ na China Southern mai mazauni a Guangzhou, sannan lambobi su biyo. Wannan lambar ba ta manne da ƙarfe ɗaya ba. Yau wannan jirgin zai ɗauke ta, gobe wancan. In muka kira dukansu "lambar jirgi", mun haɗa abu biyu a baki ɗaya.

Ku tuna MH370, wanda ya tashi daga Kuala Lumpur zuwa Beijing ranar 8 ga Maris 2014 da mutum 239, mafi yawansu Sinawa, ya ɓace. Allah ya ba iyalansu haƙuri. Jirgin da ya ɓace Boeing 777 ne mai rajista 9M-MRO. MH370 sunan tafiyar ne. Bayan abin ya faru kamfanin Malaysia Airlines mai jirgin ya jingine wannan lambar, ya mayar da tafiyar MH318, aka ci gaba da yin ta da wasu jiragen. To ku gwada ba da wannan labarin da kalmar jirgi kaɗai, ku ji yadda zance zai harɗe: jirgi ya ɓace, an sauya wa jirgi lamba, jirgi ya ci gaba da tashi.

5/ Shawarata: sawu. A farkon magana "sawun jirgi", bayan nan sawu kawai.

Ba ƙirƙira ta na yi ba, a bakinmu na same ta. Direban tasha yakan ce yau sawu biyu ya yi. Lokacin aikin Hajji ku saurari rediyo, za ku ji ana cewa an kwashe maniyyata a sawu kaza, sawun farko ya tashi, sawun ƙarshe ya sauka. Ba wanda ke jin haka ya ɗauka ana ƙirga jirage ne. Jirgi ɗaya kan yi sawu da yawa. Ainihin abin da muke nema ke nan. Abin da ya ƙara kwantar min da rai shi ne Sinancin ma ta wannan hanyar ya bi. Ban ɗin da ke cikin hangban shi ne na banche, motar da ke zuwa ta dawo a kan lokaci tsayayye, kuma suna ƙirga irin waɗannan tafiye-tafiye da tang, wadda kusan daidai take da sawunmu. Basine mai koyo zai kama ta nan take.

Ku ɗanɗana a baki:

An soke sawunmu na gobe.
Mece ce lambar sawunka?
Kamfanin yana yin sawu uku a mako zuwa Guangzhou.
An ɗage sawun dare zuwa asuba.

Ni dai ban ji inda harshe ya yi tuntuɓe ba.

6/ Hajiya, na ga amsarki, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Kin ce ku masu zuwa sarin kaya Guangzhou ba mai cewa sawu, fulayit kowa ke cewa. Gaskiyarki, kuma ba na gaba da aro. Tikiti da fasfo da biza duk aro ne, sun zauna daram, ba mai shirin korarsu. Sai dai waɗannan mun aro su ne don ba mu da su. Wannan kuwa muna da ita. Tsohuwar da za ta sauke farali karon farko, in aka ce mata tana sawu na uku, ba ta bukatar a yi mata bayani. Ku ci gaba da fulayit ɗinku a hira, amma abin da za a rubuta a ƙamus, a karanta a labarai, a koyar a aji, gara ya zama wanda 'yar kasuwa da tsohuwar ƙauye duk suka sani.

Tafiyar taku ma ta ba ni misali mai kyau. Wanda ya tashi daga Kano ya bi ta Addis Ababa ya sauka Guangzhou, tafiya ɗaya ya yi, sawu biyu ya shiga, ya ya da zango sau ɗaya. Abin da Sinawa ke kira zhuanji shi ne canza jirgi a zango, zhifei kuma sawu kai tsaye. Kowace kalma ta tsaya a wurinta.

7/ Allah ya gafarta Malam, batun jigila da ka kawo ya sa na tsaya na yi tunani, don kalma ce da ta daɗe tare da jiragen sama a bakin 'yan jarida. Amma jigila aikin ne gaba ɗaya, kai da kawowar da ake yi har a kwashe kowa. Jigilar alhazai ɗaya ce a shekara, a cikinta ake samun sawu masu yawa. Ba za ka tambayi mutum lambar jigilarsa ba.

Ka kuma ce sawu na nufin alamar ƙafa, kada a sake faɗawa rikicin da muke gudu. Da girmamawa, Malam, akwai bambanci. Sawun ƙafa da sawun mota tushensu ɗaya, taku ne da ake ƙirgawa, kuma ba jimlar da za a ce "an soke sawu" mai ji ya duba ƙasa. Rikicin flight kuwa na kalmomi biyu ne masu ma'ana daban da suka sa riga ɗaya.

8/ Ɗan uwa na Damagaram, na gode da ka tuna mana cewa ku vol kuke gani a tikiti da allo, kuma a Faransanci vol ɗin nan tashi ce, sata ce. Wannan ma hujja ce babba. In mu muka ɗauki fulayit ku kuka ɗauki vol, mun raba Hausa biyu a kan abin da bai kai ya raba ta ba.

9/ Saura 'yan ƙanana. Flight of stairs, yi duan louti a Sinanci, jerin matakala ne daga ƙasa zuwa inda ake juyawa a huta. Wani ya ce a kira shi hawa. Hawa ta riga ta kama aiki, bene mai hawa uku muke cewa, kuma tsakanin hawa da hawa sau da yawa jeri biyu ake yi da ɗan fili a tsakiya. Ina ganin "zangon matakala" ya dace, tunda kowane jeri a wurin hutawa yake ƙarewa.

Abin da ake sa wa waya a cikin jirgi, feixing moshi, "yanayin jirgi" ya wadatar. A nan ƙarfen ake nufi, kana cikinsa. Haka ma'aikaciyar jirgi, wadda Sinawa ke kira kongjie a hira, wato yayar sama.

10/ Roƙo ɗaya ga masu fassara: kada don mun yarda da sawu a cusa ta duk inda aka ga flight. Wanda ya makara ba zai ce "na rasa sawuna" ba, Turanci ne wannan da baƙin Hausa. Cewa zai yi jirgi ya tafi ya bar shi. Fasinja jirgi yake shiga, jirgi yake sauka da shi. Sinawan ma a irin waɗannan wurare ajiye hangban suke yi su koma ga ji ɗin feiji: wuji jirgi ya bar mutum, dengji shiga jirgi, jieji zuwa tarbar baƙo a filin jirgi. Inda ake maganar jadawali da lamba da sokewa da ɗagewa da ƙirga, a sa sawu. Inda mutum ke taɓa ƙarfen ko yake kallon tashinsa, a bar wa jirgi kayansa.