Baba ya kasa haɗiye tuwo, likita ya ce a saka robar ciyarwa

Ɗiyar Jega: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan Baba na cewa tuwo na tsaya mishi a ƙirji. Mun sha saye mishi maganin olsa, har ya koma kunu kawai, ya rame. An zura mishi na'ura mai kyamara ta baki, an yanko ɗan nama an gwada, an ce dajin hanyar abinci ne. Likita na son a huda ciki a saka robar ciyarwa kafin a fara kemo, wato maganin daji da ake ɗurawa ta jijiya, amma baffanninmu sun ce ba a huda dattijo. Wa ya taɓa ganin wannan?

Mai Kifi Yauri: Wa alaikumus salam ƙanwata. Irin gardamar da munka yi kan Inna ke nan. Wata biyu ana jiƙe-jiƙe, ana cewa jifa ne. Da munka koma, ko ruwa sai ta ƙware, likita ya ce jikinta ba zai ɗauki kemo ba. Wata 'yar raga mai kamar bututu suka saka mata ta buɗe hanyar abincin, ta samu shan fura har Allah Ya karɓi abinSa.

Malama daga Argungu: Maigidana an saka mishi robar. Kallonta ne ke da ban tsoro, aikin kuwa ba wuya. Kunun gyaɗa, madara, dafaffen ƙwai da kifi nake markaɗawa in tace, in ɗura da babban sirinji yana zaune. Kada a kwantar da shi da an gama. A bi da ruwa mai tsabta kowane lokaci, ni sau ɗaya na manta ta toshe, da dare muka nemi mota. Gashin dajin da hasken na'ura kuma a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato muka yi, Litinin zuwa Juma'a, kusan mako biyar, haɗe da kemo. A mako na uku haɗiya ta ƙara yi mishi zafi, robar ce ta riƙe shi. Ku nemi masauki tun yanzu, zirga-zirga daga Jega kullum za ta gajiyar da Baba.

Ɗiyar Jega: Allah Ya jiƙan Inna. Anti, idan an gama ana cire robar? Abin da Baffa zai fara tambaya ke nan.

Malama daga Argungu: Tashi an cire bayan ya koma cin abinci da baki. Ki tafi da Baffan asibiti ya ji daga bakin likita, ke ba zai saurare ki ba.