Barsim ya kashe min karsana, in ci gaba da sakin shanu a ciki?

Ɗan Kusiri: Salamu alaikum 'yan'uwa, ina cikin damuwa. Muna da fili a bakin kogin Logon, gadon mahaifinmu ne. Bayan doguwar magana muka raba da yayana, shi ya ɗauki wajen mangwaro, ni aka bar min gangare. Da albasa nake yi, kuɗin man inji ya cinye riba, sai na koma kiwon shanun nono, guda tara. Da sanyi ya shigo surukina ya kawo min irin barsim, wata ciyawar dabbobi da ake shukawa, daga Injamina, na shuka rabin hekta, ya fito kore shar. Na saki shanu a ciki, nono ya ƙaru. Shekaranjiya cikin karsana ɗaya ya kumbura, kafin yaro ya kira ni ta faɗi, ko yanka ba a samu yi ba. Jiya wata ta fara, ta sassauta da kanta. Yayana sai cewa yake dama ya faɗa. Ba ni da wani abincin da zai kai su damina. Yaya zan yi?

Kawu Mai Shanu: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗana. Amma ba ka faɗi abin da ake bukata ba: ƙarfe nawa kake sakinsu, barsim ɗin ya yi fure ko bai yi ba, me suke ci kafin su shiga? Ɗanyen barsim mai taushi yana narkewa da sauri a tumbi, ya tayar da kumfa mai kauri. Iskar da saniya ta saba fitarwa da gyatsa sai ta maƙale cikin kumfar, tumbi ya cika ya danne huhu. Kwiɓin hagu ne ke fara tashi, ramin nan da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, in ka buga ka ji kamar ganga. Ta daina tuƙa, ta miƙe wuya, baki a buɗe. Daga nan ba ka da lokaci mai yawa.

Ka daina sakinsu. Sa lauje ka yanka, ka shanya a inuwa kwana ɗaya ya yi yaushi, ka gauraya da karan dawa ko bambaron shinkafa, barsim kada ya wuce rabi. In dole sai sun shiga, su ƙoshi da busasshen abinci tukuna, a jira raɓa ta bushe, a fara da rabin awa, mutum yana tsaye a kansu.

Hajiya Mai Kindirmo: Mutum yana tsaye a kansu, Kawu, nan fa gizo ke saƙa. Yaran kiwo na yanzu ido yana kan waya, saniya na shure-shure ba su gani. Ga maganin dabbobi na kasuwa, yana shan rana a kan tabarma har rubutun kwalba ya goge, ka saya ka ɗura kamar ruwa. Ɗan'uwa, ka jiƙa kanwa ka ajiye, da ta fara kumbura a ɗura mata, a sa mata sanda a baki a gicciye a ɗaure ta bayan ƙaho. Taunar da za ta yi tana kawo yawu, yawu yana rage kumfa.

Kawu Mai Shanu: Sanda na yarda, Hajiya. Kanwa kuwa ba ta fasa kumfa, mai ne ke fasa ta. Man gyaɗa mililita 250 zuwa 500 ga babbar saniya, wato kwata zuwa rabin lita. A zuba da kwalba ta gefen baki, kaɗan kaɗan, kada a ja harshe, kada a ɗaga kai sama sosai, in ba haka ba man ya bi ta huhu. Ta yi tari, a tsaya. A tsayar da ita ƙafafun gaba a kan tudu, kada a bari ta kwanta. Masu ɗura kananzir ko baƙin mai su ji tsoron Allah, yana ɓata nono da nama, yana iya kashe ta.

Na Marwa: Ni ban yarda da rabin awa ba. Shigar da su da fitar da su kullum shi ke sa su afka wa ganyen da yunwa. Saniyar da ta saba, tana ciki ba yankewa, ga kara a gefe, ta fi wadda ake yi wa shiga da fita aminci. Ka jira ya yi fure, ganyen ya fi ƙwari a lokacin. Sannan wa ya tabbatar barsim ne? Duk mushe yana kumbura. In jini baƙi da ba ya daskarewa ya fito ta hanci ko dubura, ciwon saifa ne, ba a feɗewa, a kira likitan dabbobi. Gyauron dawa ma yana kashewa farat ɗaya in akwai shi a gefen filin.

Kawu Mai Shanu: Ta kumbura tana da rai, ga ta biyu ta biyo baya, barsim ne. Abin da na faɗa shi ne magani. In ta kai ga faɗuwa sai huda kwiɓin hagu, tsakiyar ramin nan, da ƙarfen huda na likitoci. Kuma ka sani ƙaramar huda kumfa tana toshe ta, wani lokaci sai an tsaga, aikin likita ne wannan.

Ɗan Kusiri: Na gode Kawu, na gode Hajiya. Da asuba nake sakinsu bayan tatsa, don da rana yaron yana makaranta, ba yadda zan canja. Yanka kullum kuma sai na ɗauki ma'aikaci, kara ma yanzu saye ake yi. Kusan wata guda suna ci lafiya, shi ya sa nake ganin karsanar dama tana da wani ciwo, ta taɓa cin leda. Jini ban duba ba, an riga an binne.

Na Marwa: Waccan da ta fara jiya, ita ma leda ta ci?

Ɗan Kusiri: Ita ai ta warke. Gobe zan sayi man gyaɗa in bar wa yaron. Akwai wanda ya san inda ake samun ƙarfen hudan nan a Kusiri ko Injamina?