Banɗaki ba taga ga jakar ciki: in sa fanka ko in sayi na'urar tace iska?

Mai_Haƙuri: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu kenan da aka min aikin hanji aka fitar min da sitoma, wato bakin hanji ta fatar ciki inda bayan gida ke fita ya zuba a jaka, ta ƙaramin hanji ce, iliyostomi, abin da ke fita ruwa-ruwa ne kuma ina juye jaka sau shida ko bakwai a rana har da na tsakar dare. Banɗakinmu ba shi da taga ko ɗaya, a tsakiyar gini yake kuma ƙofarsa falo take kallo. Mu biyar ne a gidan har da surukata. In na fito sai kowa ya yi tsit, ba wanda ya taɓa ce min uffan amma wlh da shirun nan gara a zage ni. Mai gidan hayar ya ce in ina son fanka mai zuƙe iska in sa da kuɗina, sai dai za a ja bututu ta cikin silin kusan mita huɗu kafin ya kai waje. Ko kuma in sayi na'urar tace iska in ajiye a ciki. Kuɗin guda ɗaya nake da shi. Wanda ya gwada dan Allah ya faɗa min.

Uwar_Biyu: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Ki dinga barin taga a buɗe ƙanwata, shi ne kawai, ni haka nake wa mijina.

Ɗan_Tsako: Anti ta ce BA TAGA. Sai dai ta zana da alli ta buɗe.

Uwar_Biyu: Af, ban lura ba. To ta sa turaren feshi.

Gimbiya_K: Kar ki soma. Turaren feshi ba ya kashe wari, haɗuwa suke su haifi wani sabo, har yau in na ji ƙamshin wanda na yi amfani da shi a farko zuciyata tashi take. Abin da ya taimake ni ruwan ɗigawa ne da ake sawa a cikin jakar kanta, sunansa m9 na kamfanin Hollister, duk in na juye na goge bakin sai in ɗiga kamar sau biyar zuwa takwas in murza ya zagaye. Sannan ki shimfiɗa tishu a kan ruwan masai kafin ki juye don kar ya fantsamo, ki danna ruwa kina cikin juyewa ba sai kin gama ba. Daƙiƙun da abin yake zaune a fili su ne ke cika ɗaki.

Dattijo_11: 'Yata bari in ba ki labarina ko kya tsira daga abin da ya same ni. Shekara 11 nake da jaka. A shekarar farko ina haya a gidan da muke haɗa banɗaki da wasu mutum uku, shi ma ba taga. Tun da suka san lalurata duk warin da ya tashi a gidan nan nawa ne, ko ina wurin aiki nawa ne. Aka liƙa takarda a ƙofa wai a ji tausayin mutane. Ɗayansu ya daina amsa min gaisuwa, matarsa in ta hango ni sai ta ja mayafi ta toshe hanci, a gabana. Na koma ba na cin abinci daga azahar don kar in shiga da dare, na rame kamar kara. Wata rana zuciya ta ɗebe ni na kulle ƙofa na zazzaga bilic na ƙara da wani ruwan wanke masai a kai, ban san haɗin nan guba yake fitarwa ba, minti biyu ba a yi ba idona ya rufe da hawaye ƙirjina kamar an ɗora dutse, da rarrafe na fito, kwana biyu ina asibiti. Kun san ƙarshen zancen? Bayan na bar gidan da wata uku mai gyaran famfo ya gano ramin ƙasa da ruwan wanka ke bi ne, lanƙwasar bututun da ya kamata ta riƙe ruwa ta tsage ta bushe, iskar masai ke dawowa ta nan. Ba wanda ya kira ni ya ce yi haƙuri. Ba ko ɗaya.

Uwar_Biyu: Innalillahi. Baba Allah ya saka maka.

Gimbiya_K: Ni takardar ƙofar nan ce ta tsaya min a rai. Mutum bai ɗora wa kansa ba.

Dattijo_11: Ina da ita har yanzu a cikin akwati, ban san me ya hana ni yaga ta ba. Wanda ya rubuta kuwa na ji an ce shi ma ciwo ya kwantar da shi, ban yi murna ba amma ban je ba.

Ɗan_Tsako: Baba da ka je dubiya da turaren feshi a leda.

Sista_R: Ni nas ce, ina kula da masu sitoma. Mai_Haƙuri ki fara raba abu biyu. Warin lokacin juyewa dole ne, yana wucewa. Amma in kina jin sa alhali jaka a rufe take, to ko yoyo ne ta ƙarƙashin mannin da ke liƙe jakar a fata, ko bakin jakar bai gogu ba, ko filtar gawayin da ke sama ta jiƙe ta daina aiki, kuma masu iliyostomi filtarsu ta fi saurin toshewa. Sitoma tana raguwa a sati shida zuwa takwas bayan aiki, in har yanzu da awon farko kike yanka ramin mannin to ya miki faɗi, ki sake aunawa. Ki juye tun jaka na kashi ɗaya cikin uku, kar ta wuce rabi. Na'ura kuma, filtar HEPA ƙura take kamawa ba wari ba, sai mai gawayi da yawa a ciki. Na'ura mai fitar da iskar ozon kar ta shiga gidanki, tana illata huhu balle a ɗaki rufaffe. Kuma masu cewa a jefa asfirin a jaka ku daina, yana iya yi wa sitoma gyambo.

Kurman_Dutse: Da girmamawa Sista, kin taɓa kwana da jaka a cikinki? Ni shekara shida ina jefa abin da nake jefawa ban ga gyambo ba. Ku a takarda kuka karanta.

Sista_R: Malam ban taɓa ba, amma na wanke gyambon waɗanda suka yi irin naka da hannuna. Kai ɗaya kake gani, ni da yawa nake gani.

Uwar_Biyu: To mu masu jinya fa? Ni nake canja wa mijina tun ranar farko, amma da na yi magana sai a ce ba a jikina take ba.

Kurman_Dutse: Hajiya ke da kika ce a buɗe taga.

Gimbiya_K: Ku bari mana. Kan fanka dai, ni na sa, kuɗinta da na aiki bai kai abin da nake kashewa a jaka na wata ɗaya ba.

Injiniya_M: Naki bangon waje ne shi ya sa. Nata da bututun mita huɗu da fasa silin zai ninka naki sau uku ko fiye, kuma in aka sa ƙaramar fanka a dogon bututu mai lanƙwasa ƙara kawai za ta yi ba ta jan komai. Kar a yarda a saki iskar a cikin silin, wari zai zagaya ya sauko ta ɗakin kwana. A bar tsaga a ƙasan ƙofa kamar faɗin yatsa, in iska ba ta shigo ba ba abin da zai fita.

Kurman_Dutse: Na'urar ta fi araha nesa ba kusa ba.

Injiniya_M: Ranar saye. Je ka dawo in gawayin ya cika kana canja filta duk bayan 'yan watanni.

Mai_Haƙuri: Na gode duka. Sista gaskiya da awon asibiti nake yankawa har yau, ba wanda ya ce min tana raguwa. Baba yanzu na je na shinshina ramin ƙasan namu, kamar akwai wani abu amma ban tabbata ba ko tsoro ne. To fankar ko na'urar?

Dattijo_11: Zuba ruwa kofi biyu a ramin ki rufe da leda ki ɗora abu mai nauyi kwana ɗaya, hancinki zai gaya miki. Amma ji abin da kika ce, ba wanda ya faɗa miki. Ni ma haka aka sallame ni, jaka uku a hannu da Allah ya sauwaƙe, a gida na koyi yanka da almakashin ɗinki.

Gimbiya_K: Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya banɗakin waje ne. Ba kanta da za ka ajiye kaya, ba kwandon shara a ciki, wurin wanke hannu can waje cikin mutane. Ranar nan na shiga na masu lalura wata mata ta tare ni wai ƙafata lau me na shiga yi, sai da na ɗaga riga.

Ɗan_Tsako: Ni tsohuwar jaka a aljihun jakar baya na yini da ita cikin leda biyu, ina ta addu'a kar mai gadi ya ce buɗe mu gani.

Kurman_Dutse: Leda biyu ba ta isa ba, mai zif ake sawa.

Uwar_Biyu: Mai zif ɗin ma tana fitarwa in ta sha zafi, mu mun gwada.