Katakon sirdin tsohon babur: me zan shafa masa?

Mai CD175:
Assalamu alaikum. Ina farfaɗo da Honda CD175. Ƙarfen ƙasan sirdin tsatsa ta cinye shi, kafinta ya yanko min madadinsa da filawud mai kaurin milimita 12. Kafin a ɗora soso da leda, me zan shafa masa kada damina ta ruɓar da shi? An ce min baƙin mai ya isa.

Kafinta, Na'ibawa:
Wa alaikumus salam. Malam, rabu da baƙin mai. Yana korar gara, amma ba ya bushewa: gam ba zai kama soso ba, kuma da zafin Afrilu zai tsattsafo ya ɓata ledar.

Fara gama duk wani huji da yanka, sannan shafe-shafe. Goge katakon da samfefa lamba 80, ka bi da 120, ka kashe kaifin gefuna, don fenti ba ya zama a kan kaifi, kuma kaifin ne ke yaga leda. Sai banish na polyurethane. Shafin farko ka sirka shi da tina, kamar kashi ɗaya cikin goma, don ya shige cikin katakon. Ka ƙara shafi uku ba sirki, kwana guda tsakani, kana ɗan gogewa da lamba 220.

Gefen filawud shi ne wajen mutuwarsa. Nan yake zuƙar ruwa, yadudduka su ɗaɗɗaye. Yi ta ba shi har ya daina sha ya soma ƙyalli. Sama da ƙasa kuma a shafe su daidai, in ka bar fuska ɗaya tsirara zai banƙare da hunturu.

Bakanike, Ƙofar Ruwa:
Maganar oga kafinta haka take, sai dai ni efoksi zan zaɓa in an samu (wani gam ne mai ruwa biyu da ake kwaɓawa, ɗayan shi ke busar da ɗayan), shafi biyu, ya fi banish tare ruwa. Bi awon da ke jikin gwangwanin, kada a ƙara mai busarwa don sauri. Kwaɓa kaɗan-kaɗan, zafin Kano na daskarar da shi a kofi.

Ramukan noti su ne abin lura. In kaurin bol ɗin milimita 6 ne, huda ramin milimita 10, toshe ƙasan da salatif, cika da efoksi, ya bushe, sannan ka sake huda milimita 6.5 a tsakiya. Ruwa ba zai taɓa katako ba. Sa washa mai faɗi, ka yanko tsohon tub ka shimfiɗa inda katakon ke zama kan ƙarfe, in ba haka ba girgiza za ta goge shafin.

Mai ɗinkin kujeru, Fagge:
Alhaji, ka bar shi mako guda kafin ka kawo mana, gam na narkar da banish ɗanye. Mu ma finmu huda shafin yake yi, don haka bayan an ja leda a bi layin fin ɗin da buroshin banish sau ɗaya. Tsakanin soso da ledar sama a sa 'yar leda siririya, ruwa ta ɗinki yake shiga.

Mai CD175:
Na gode ƙwarai. Yanzu da hunturu zan iya farawa?

Kafinta, Na'ibawa:
Yanzu ne ma katakon ya fi bushewa. Ƙura ce kawai matsala: yi a ɗaki, yayyafa ruwa a ƙasa, ka rufe taga.