Na sa furoksi a config.json amma docker pull ya ƙi tafiya

Auwal_B: Assalamu alaikum. Muna da saba ɗaya mai Ubuntu 22.04, ta SSH kawai ake shigarta, mu huɗu muke gina imej na Docker (ƙunshin manhaja da ake tayar da kwantena daga gare shi) a kanta, intanet kuma sai ta furoksi (sabar da ke tsakaninmu da intanet) yake fita. Na rubuta "proxies" a ~/.docker/config.json, amma docker pull sai ya tsaya har lokaci ya ƙure. Ina kuma neman shawara: mu haɗa fayil ɗaya kowa ya nuna foldarsa da DOCKER_CONFIG (saitin da ke gaya wa docker inda config.json yake), ko kowa ya riƙe nasa?

Nasiru77: Wa alaikumus salam. Ka sa Docker Desktop kawai, akwai gurbin furoksi a saitinsa. Dala 5 ne a wata.

Maman_Ilham: Malam Nasiru, ya ce ta SSH suke shiga, a ina zai ga gurbin? Dala 5 ɗin ma tsohon zance ne, tun Disamba 2024 tsarin biyan kuɗi na Docker Pro ya koma dala 9. Malam Auwal, fayil biyu ka gauraya. Wanda ke ~/.docker na umarnin docker ne da kake bugawa. "proxies" da ke cikinsa HTTP_PROXY da makamantansa kawai yake cusa wa kwantena da aikin gini. Mai janyo imej dockerd ne, wato manhajar Docker da ke gudana a bayan fage, shi kuwa ko kallon wannan fayil ba ya yi. Daga Engine 23.0 za ka iya sa "proxies" a /etc/docker/daemon.json, sai dai rubutun ya bambanta: a config.json httpProxy, a daemon.json http-proxy. Idan naka ya girmi haka, ka yi http-proxy.conf a /etc/systemd/system/docker.service.d, ka buga systemctl daemon-reload, sannan restart.

Nasiru77: Ni 11 ma na gani a shafinsu. Kuma kyauta ne ga kamfanin da ma'aikatansa ba su kai 250 ba.

Maman_Ilham: 11 na mai biya wata-wata ne. Kyautar kuma da sharaɗi na biyu, kuɗin shiga ƙasa da dala miliyan 10 a shekara.

Injiniya_Tukur: Ku ajiye zancen kuɗi. Fayil ɗaya ga mutum huɗu, kada ka soma. Idan babu credsStore (saitin da ke tura kalmar sirri zuwa wata ma'ajiya ta daban), docker login yana zuba suna da kalmar sirri a ƙarƙashin "auths" da base64, kuma base64 ba kulle ba ne, base64 -d ya warware shi nan take. Ga yadda ta ƙare a wani wuri: an ajiye fayil ɗin haɗin a foldar aiki don kowa ya samu, Dockerfile na da COPY . /app, babu .dockerignore. Fayil ya shige cikin imej, imej ya tafi rijista, wato ma'ajiyar da ake tura imej ana janyowa. Da aka farga sai wani ya ƙara RUN rm, yana ganin an gama, alhali kowane umarni shimfiɗarsa daban, ta ƙasa tana nan da fayil ɗin, docker save ya fito da ita. Dole aka soke kalmar, aka sake gina duk abin da aka ɗora a kan wancan imej. Abin takaicin, da yake asusu ɗaya ne, babu yadda za a gane wa ya tura me. Ƙaramin cikinsu aka ɗora wa laifin, wanda ya kawo dabarar kuwa shi ya jagoranci binciken.

Zee_kod: Kura ce ta zama alƙalin awaki kenan 😂

Injiniya_Tukur: Ba abin dariya ba ne, Zainab. A saba, sa "credsStore": "pass", ka girka docker-credential-pass, kowa da mabuɗin GPG nasa.

Kabir_ops: Yallabai, pass a na'urar da ke gini ba mutum a kusa? Mabuɗin ya nemi kalmar buɗewa tsakar dare, wa zai buga? Token mai izinin janyowa kaɗai ya fi, fayil kuma chmod 600.

Injiniya_Tukur: Wanda bai taɓa kwashe irin wannan ɓarnar ba ya riƙa sassauta murya.

Kabir_ops: Daɗewa a aiki ba hujja ba ce, ranka ya daɗe. Mutum huɗu da ke cikin rukunin docker ai kowannensu root ne a fakaice. Ya ɗora / cikin kwantena da -v, ya karanta fayil ɗin kowa. Raba fayil tsafta ce, ba tsaro ba.

Auwal_B: Na gyara daemon.json, pull ya tafi, na gode Hajiya. Yanzu kuma "permission denied" yake nuna min a kan config.json.

Maman_Ilham: Duba da ls -l, za ka tarar root ya mallake shi. sudo chown -R $USER ~/.docker. Ka kuma sani sudo docker na /root yake karantawa, ba naka ba.

Zee_kod: Tunda ka buɗe daemon.json, ka sa "log-opts" da "max-size": "10m" da "max-file": "3". Ukun nan cikin alamar zance, in ba haka ba dockerd ba zai tashi ba. json-file, tsarin da Docker ke rubuta log ɗin kwantena da shi, ba ya datse kansa, haka zai yi ta kumbura har /var/lib/docker ya cike faifai. Tsofaffin kwantena kuma ba sa ɗaukar sabon saitin sai an sake ƙirƙirarsu.

Kabir_ops: Wannan ne ke ƙona min rai. Sai faifai ya cika wani ya zo da docker system prune -a --volumes, bai tambayi kowa ba.

Auwal_B: To fayil ɗin fa, ɗaya ko huɗu?

Nasiru77: Ku bar Docker ku koma kishiyarsa Podman ku huta.

Zee_kod: Shi ma auth.json ɗinsa a XDG_RUNTIME_DIR yake, kana sake kunna na'ura ya ɓace sai ka sake login.