Neman Hausar "doubles" kafin ƙarfe 7 na safe: labarin 'yar badminton ta Holan

Mai Filin Wasanni:
Salamu alaikum jama'a. Ku kawo ɗauki, ruwa na neman ƙare wa ɗan kada. Gobe ƙarfe 7 na safe zan naɗi shirinmu na mata a fagen wasanni, wannan makon kuma an ɗora min Selena Piek, 'yar ƙasar Holan da ta yi suna a wasan badminton. Tarihinta na riga na haɗa. An haife ta ranar 30 ga Satumba 1991 a Blaricum, ta je Olamfik sau 3. A Riyo 2016 ita da Eefje Muskens sun kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe, ta kuma buga wani ajin tare da Jacco Arends. A Tokyo ta sake kai wannan matakin da Cheryl Seinen, ta kuma buga da Robin Tabeling, wanda shi ne suka je Faris tare a 2024. Tana da zinare 2 a Wasannin Turai, na Minsk a 2019 da Seinen, sai na Folan a 2023 da Tabeling.

Kun ga inda gizo ke saƙar. Duk sunan da baiwar Allahn nan ta yi, su biyu ne a fili. Me zan kira "doubles"? Me zan kira "mixed doubles"? Shi wanda suke gefe ɗaya fa? Sai kuma ɗan abin nan mai gashi da ake bugawa. Minti 6 kacal aka ba ni, ba halin dogon Turanci.

Ɗan Baiwa:
'Yan biyu mana. Ajin 'yan biyu. An gama.

Malamar Hausa:
Ɗan Baiwa, in ya ce 'yan biyu, duk mai sauraro Hassana da Usaina zai gani a ransa, ya ɗauka Selena da Eefje cikinsu ɗaya. Tagwaye ma haka. Abin da kake nema ninki ne, ƙanena: 'yan bibbiyu. Kishiyarsa 'yan ɗaiɗai. Ajin mata 'yan bibbiyu, ajin maza 'yan ɗaiɗai, ka ji ya zauna a baki.

Mai Filin Wasanni:
Allah ya saka da alheri Anti. Wannan ya shiga. Na biyun fa? Na rubuta "ajin cakuɗa", sai na ji wani iri.

Malamar Hausa:
Goge shi tun kafin editanka ya gani. Cakuɗar maza da mata a kunnen mutanenmu ba wasa take nufi ba, wa'azi za ka jawo wa kanka. Gauraye kuma sai ka ce garin kunu. Faɗi abin yadda yake: ajin mace da namiji.

Ɗan Baiwa:
To shi Tabeling abokin wasanta ne ke nan, ita kuma Seinen abokiyar zamanta.

Malamar Hausa:
Allah ya shirye ka. Amma ka taɓo gaskiya ba da niyya ba. Abokin wasa a Hausa taubashi ne, ko irin Bakano da Bazazzagi. In aka ce "abokin wasanta Tabeling", tsoho a ƙauye zai ce ashe ɗan goggonta ne. Abokin karawa kuwa wanda ke ɗaya gefen ragar ne. Wannan ta fi sauran wuya, bari in yi tunani.

Baba Mai Ƙamus:
Wa alaikumus salam. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma da izinin Malama, kun bar jaki kuna dukan taiki. Kuna ta wahala a kan rassa alhali sunan wasan kansa na aro ne. Badminton sunan gidan wani basarake ne a Ingila, ba shi da wata ma'ana da ta shafi wasan. Me ya sa Bahaushe zai riƙa kiran gidan wani Bature kullum? Muna da ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando, ƙwallon raga, ƙwallon tebur, ƙwallon dawaki. Duk magabata ne suka zauna suka raɗa musu suna.

Ni tun shekarun baya na warware wannan. Ku dubi abin da ake bugawar da kyau: dunƙule a ƙasa, gashi a baje a sama. Tuntu ne, irin na hular dara. Saboda haka abin sunansa tuntu, wasan kuma bugun tuntu, mai yinsa ɗan tuntu ko 'yar tuntu. Yaro, rubuta: "Selena Piek, shahararriyar 'yar tuntu". Na sha kawo wannan shawara a zauren nan ba a kula ba.

Tsohon Koci:
Ranka ya daɗe Baba, ni na buga wasan nan tun ina sakandare a Kaduna, na kuma koyar da shi. A fili shatil muke cewa, abin bugun kuma raket. Ban taɓa jin wanda ya rasa gane su ba. Tuntu zare ne mai lilo, shi kuwa wannan gashin tsuntsu ne guda 16, na dinya ko na agwagwa, a soke a jikin ɗan ɓawon itace mai laushi irin na toshiyar kwalba, nauyinsa wajen giram 5. Gashin ne ma sirrin wasan: yana fita daga raket da gudu kamar harsashi, iska ta riƙe shi, ya faɗo kusan a tsaye.

Mai Fili, ga abin da nake so ka fahimta kafin ka zaɓi kalmar wanda suke tare, don ba rakiya yake yi mata ba. Tsawon fili mita 13.4 ne. Faɗinsa a wasan ɗaiɗai mita 5.18, a na bibbiyu ya koma 6.1. In suna kai hari, ɗaya na gaba bakin raga ɗaya na baya yana sara. In aka ɗaga shatil sama aka juyo musu da harin, sai su rabu gefe da gefe. Wannan juyin ana yinsa ne cikin ƙiftawar ido ba tare da magana ba. A ajin mace da namiji galibi macen ce ke tsare bakin raga, wurin da ake buƙatar saurin hannu da karanta niyyar abokin karawa. Shi ya sa abin da Piek ta yi ba ƙarami ba ne: ta canza mutum, ta sake gina fahimtar daga tushe, ta sake kai matakin da ta kai a Riyo. Kuma a Riyo da Tokyo aji biyu ta haɗa, abin da ke cin ƙafafu ba kaɗan ba, tunda kowane wasa sai an ci zubi 2 cikin 3, kowane zubi maki 21.

Baba Mai Ƙamus:
Shatil! Raket! Koci, wannan Hausa ce ko Ingausa? Mutanen Indunusiya da suka fi ku iya wasan nesa ba kusa ba, bulu tangkis suke ce masa da harshensu, kuma bulu gashi ne. Sinawa ma da gashin suka raɗa masa suna. Su ba su ji kunyar harshensu ba sai mu.

Malamar Hausa:
To Baba ai hujjar nan taka ƙwallon gashi ta haifa, ba tuntu ba. Kuma ya bi sahun 'yan uwansa da ka lissafa.

Baba Mai Ƙamus:
Ƙwallo a mulmule yake, Malama. Wannan ba ya gangarawa.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da aiki. Mu nan in ka ce shatil ba wanda zai gane, volant muka koya a lakwal, kuma kalmar nan ita ce dai ta sitiyarin mota a Faransanci, to kun ga namu rikicin ya fi naku. Ƙwallon gashi ni ta yi mini, don ko tsohuwata ta ji za ta hango abin. Sai dai ina da ƙorafi. Duk lokacin da aka tashi raɗa kalma a zauren nan, sai a yi kamar iyakar Hausa daga Kano zuwa Zariya ne. Rediyo ba ya tsayawa a Maigatari a duba masa takardu.

Ɗan Baiwa:
Ga shi nan an fara. Saura Basakkwace ya shigo ya ce Hausarsu ta hi ta kowa.

Baba Mai Ƙamus:
Daidaitacciyar Hausa ba ni na kafa ta ba, kuma ba don raina kowa aka yi ta ba. Ni shekara 31 na yi ina koyar da harshen nan. Wasu a nan ko bambancin ɗauri da karin sauti ba su sani ba, amma su ne masu yanke hukunci.

Tsohon Koci:
Ba wanda ya taɓa shekarunka Baba, girmanka ne. Amma kai ma ka san na'ura mai ƙwaƙwalwa da kwamfuta wace ce ta rayu a bakin mutane. Kuma je ka gidan kallon ƙwallo ka ji ko akwai mai ihun "bugun daga kai sai mai tsaron gida". Fenariti ake cewa, a bar wa 'yan rediyo doguwar.

Baba Mai Ƙamus:
Ka kashe kanka da bakinka. 'Yan rediyon ne suka riƙe doguwar har kowa ya san ta. Da sun yi irin lalacinku da yanzu babu ita. Kalma sai an daure an maimaita ta take kama ƙasa.

Malamar Hausa:
A nan kam Baba ya fi ka gaskiya, Koci.

Baban Zango:
Ina gaisuwa daga Kumasi. Ni tambayata daban ce. Na ga an rubuta Holan, ai na ji tun 2020 gwamnatinsu ta daina tallata ƙasar da wannan sunan, Netherlands suke so. Kada a gyara tuntu a ɓata sunan ƙasar mutane.

Ɗan Damagaram:
Gaskiya ne, Holan larduna 2 ne kawai cikin 12 na ƙasar. Amma Alhaji, je ka kasuwa ka ce a ba ka atamfa 'yar Netherlands ka ga kallon da za a yi maka. Iyayenmu mata sun san Holan tun kafin a haife mu, saboda atamfar Vlisco da ake bugawa a Helmond. Jamus ma ai ba haka masu ita ke kiran ta ba.

Malamar Hausa:
Kuma an yi sa'a, Blaricum ɗin da aka haife ta a lardin Holan ta Arewa yake. Ko ta wace fuska aka duba, 'yar Holan ce. A wuce wurin.

Mai Filin Wasanni:
Jama'a ƙarfe 11 ta wuce, har yanzu ban samu sunan Tabeling ba. Don Allah a dawo kan hanya.

Baban Zango:
Mu a zango patna muke cewa, ba ruwanmu.

Baba Mai Ƙamus:
Inna lillahi.

Tsohon Koci:
Abokin burmi?

Malamar Hausa:
'Yan jarida sun riga sun ja shi ya koma kusan abokin hamayya, zai rikita mutane. Ni na fi karkata ga abokin haɗi, ko a kauce wa sunan gaba ɗaya a yi amfani da aikatau: "wanda suke bugawa tare", "ta haɗa gwiwa da wane". Hausa ba ta cika son tara sunaye inda aikatau zai yi aikin ba. Ba dole ne duk kalmar Turanci ta samu tata guda ɗaya ba.

Baba Mai Ƙamus:
Wannan gudu ne, ba fassara ba. Amma ya fi patna.

Mai Filin Wasanni:
To ga yadda na tsara buɗewar, ku duba min:

"Masu sauraro, yau za mu leƙa ƙasar Holan, mu ji labarin Selena Piek, gwanar wasan badminton, wato ƙwallon gashi. Ta yi fice ne a ajin 'yan bibbiyu, na mata zalla da kuma na mace da namiji. A 2019 ta haɗa gwiwa da Cheryl Seinen suka ci zinare a Wasannin Turai, bayan shekara 4 ta sake cin wani tare da Robin Tabeling."

Daga nan zan ɗan kawo cewa wasan ya shiga Olamfik a Basalona 1992, ajin mace da namiji kuma sai a Atlanta 1996, in rufe da namu na gida, Anuoluwapo Opeyori da Godwin Olofua da suka wakilci Najeriya a ajin maza 'yan bibbiyu a Tokyo. Koci, yaya ake furta sunayen nan kada in ji kunya?

Tsohon Koci:
Piek ka ja wasalin, Piik, kada ka ce Fiyek. Eefje kamar Efye. Jacco kuma Yakko, don j ɗinsu y ce. In lokaci ya rage maka, ƙara da cewa Holan na cikin ƙasashe 9 da suka kafa hukumar wasan ta duniya a 1934, don kada a ɗauka shigar sauri suka yi.

Baba Mai Ƙamus:
Ina tuntu a ciki?

Mai Filin Wasanni:
Baba, akwai inda zan bayyana abin da ake bugawar. Zan ce "wani ɗan abu mai gashin dinya 16, mai kama da tuntun hula, 'yan wasan na ce masa shatil". Iyakar abin da zan iya ke nan, edita ba zai bar min "'yar tuntu" ba.

Baba Mai Ƙamus:
"Mai kama da". Shekara da shekaru ina bin abu, an ba ni "mai kama da". To na karɓa, amma ban yarda da ƙwallon gashi ba, kuma a rubuta cewa ban yarda ba. Raket ɗin kuma mabugi ne, ko shi ma sai an kai ruwa rana?

Ɗan Baiwa:
Mabugi ai na masu bugun shadda ne a Kofar Mata, Baba.

Malamar Hausa:
Ɗan Baiwa ka bar dattijo ya kwanta. Mai Fili, sa h a "haɗa gwiwa" ta fito sosai in kana karantawa, kana da halin haɗiye ta. Sai da safenku.

Mai Filin Wasanni:
An naɗa, an wuce da daƙiƙa 20 aka yanke zancen 1934. Tuntu ya tsira. Mai haɗa mana sauti ya tsayar da ni a tsakiya yana tambaya wai ƙwallon gashi na kitso ne ko na aski, sai da na koma na ce gashin tsuntsu. Mako mai zuwa 'yar wasan zamiya a kan ƙanƙara aka ba ni, Baba ka fara shiri.