C ɗina ya cika ya yi ja, ya zan mayar da foldar OneDrive kan D ba tare da na yi asara ba?

MaiHoto_ZooRoad

Slm 'yan uwa, dan Allah masana kwamfuta a taimaka min. Ina ɗaukar hoton biki ne, laftof ɗina dis biyu ne a ciki, C ƙaramin SSD ne mai 128GB, D kuma had dis mai 1TB wanda kusan fayau yake. To duk hotunan kwastomomi a OneDrive, ma'ajiyar fayil ta Microsoft a intanet, nake zuba su saboda ina da 1TB ɗin da ake bayarwa da Microsoft 365, shi kuma foldarsa tana kan C, yanzu C ya yi ja saura bai fi 3GB ba, ko Photoshop na buɗe sai ya hau ƙorafin babu waje, ga aikin kamu da ɗaurin aure har guda biyu ban taɓa ba kuma dangin amarya sun dame ni da kira. Na so na yanko foldar kawai na liƙa a D sai gabana ya faɗi, kar na je ya goge min na sama, wato waɗanda ke ajiye a intanet. Kuma bana son abin da zai sa ya sake sauke komai daga farko, wlh kuɗin data ba sa nan. Ya ake yi?

Ɗan_Kurna

Wslm. Oga ka sayi fulash ko babban dis na waje a Beirut Road ka kwashe su kawai, an wuce wajen.

Injiniya_Kabuga

Ɗan Kurna ba abin da ya tambaya kenan ba ai, mutum yana da tera guda a zaune cikin na'urarsa ka tura shi kasuwa.

Mai hoto, gara da gabanka ya faɗi. Muddin OneDrive yana kunne, duk abin da ya fita daga cikin foldar nan shi a wajensa gogewa ka yi, zai je ya goge na sama shi ma, haka aka gina shi, madubi ne. In kuma uwar foldar ka ɗauke gaba ɗaya sai ya hau kukan bai ga foldarsa ba. Saboda haka sai ka raba su tukunna. Kafin komai duba ɗan gajimaren nan na ƙasa kusa da agogo ka tabbatar ya gama loda komai, babu fayil ɗin da yake jiran a loda shi. Sai ka danna shi, ka shiga setin, ɓangaren akawun, za ka ga "Unlink this PC", danna. Kar sunan ya tsorata ka, ba ya taɓa abin da yake sama, igiyar da ke tsakaninsu kawai ya kwance. Daga nan ka je C, Users, sunanka, ka yanki foldar OneDrive ɗin ka liƙa a D. Tunda dis daban ne zai ɗau lokaci don kwafa yake yi sannan ya goge na baya, to ka yi lokacin da akwai wuta ko batirinka a cike, kar ka fara da rabin caji a ɗauke wuta aiki yana tsaka.

In ya gama sai ka buɗe OneDrive ka shiga da imel ɗinka. Nan ne mutane suke faɗawa rami, saboda saurin danna gaba gaba. Akwai shafin da zai nuna maka inda zai ajiye folda, a ƙasa an rubuta "Change location" da ƙananan baƙi, shi za ka danna ka nuna masa D. Zai ce maka ai akwai folda a nan da kaya a ciki, ka ce eh ita za a yi amfani da ita. Zai zauna yana gwada na ƙasa da na sama, wanda ya ga iri ɗaya ne ba zai sake saukewa ba, don haka datarka ba za ta tafi ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. In hotunan da yawa zai jima yana juyi, ƙyale shi, kar ka ce ya maƙale.

Abu ɗaya da na kusa mantawa, danna dama a kan D ka duba tsarinsa, ya zama NTFS. In FAT32 ne ko exFAT ba zai yarda ba. Shi ya sa ma maganar fulash ba ta taso ba, yawancinsu da wannan tsarin suke zuwa, kuma ko dis na waje ka samu ya karɓa, ranar da ka cire shi ko harafinsa ya canza daga E zuwa F ka shiga rigima.

MamanIlham

Malam Injiniya ya gama magana, ni dai ƙarin da zan yi daga abin da ya same ni ne a shagona na buga takardu. Ni da hannuna na ja foldar furojet ɗin ɗalibai na kai D ban cire akawun ba, washegari wata ɗaliba ta zo gyaran babi na uku na duba a waya babu komai, ranar ko abincin rana ban ci ba. Allah ya taimake ni ƙanina ya nuna min kwandon shara na OneDrive a intanet, duk suna ciki na dawo da su. Kwana 30 yake riƙewa in akawun ɗinka na kanka ne, na makaranta ko ofis kwana 93. Kuma ka duba ko ya haɗa da Desktop da Documents da Pictures ɗinka, in ya haɗa to su ma a cikin foldar suke zaune, in ka ga fuskar kwamfutar ta zama wayam ana cikin aikin kar hankalinka ya tashi, ba ɓata suka yi ba.

Amma ni tambayata, dole ne ma sai ka matsar? Bikin bara da bara waccan me suke yi a kan kwamfutar? Danna dama a kansu ka zaɓi "Free up space", su koma sama kawai, sunansu yana nan da alamar gajimare sai ka buɗe sannan ya sauko.

Injiniya_Kabuga

Gaskiya ne Hajiya, kuma wannan ya fi sauƙi. Sai dai shi mai hoto ne, ranar da uwar amarya ta dawo tana son a sake wanke mata albam na bara, giga nawa zai sauke da datarsa? A ganina ya haɗa biyun, tsofaffi sosai su koma sama, sauran su tafi D. Ka dai sani had dis bai kai SSD sauri ba, wanda kake edita a yanzu ka bar shi a wata folda a C, in ka gama ka tura.

Ɗan_Kurna

To ni Google Drive nake amfani da shi na kyautan nan mai 15GB, shi ma sai an yi duk wannan wahalar?

Injiniya_Kabuga

A'a, shi in ka sa shi a tsarin da fayil suke zama a sama sai ka buɗe, ba ya cin waje sosai. Dropbox ma yana da maɓallin matsar da folda a cikin setin ɗinsa. Amma kai 15GB me zai cika maka.

MaiHoto_ZooRoad

Alhamdulillah an gama jiya da daddare. Kwafin ya ci wajen awa ɗaya da rabi, kuma na faɗa ramin da Injiniya ya faɗa, na danna gaba ban canza waje ba ya sake buɗe sabuwar folda a C, sai da na sake cire akawun na maimaita. Yanzu C yana da sama da 70GB. Ngd sosai Allah ya saka da alheri, Hajiya in bikin Ilham ya zo hoto kyauta ne.